Dan Allah a taimaka: abin harbi na gora da balan-balan, nawa sai yagewa yake yi

Baban Walid:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka taɓa haɗa irin bindigar wasan nan ta yara da ake yi da gorar ruwa da balan-balan. Yarona ɗan shekara 7 ne ya matsa min sai na haɗa masa, wai ya gani a hannun abokinsa, ni kuma gaskiya na fi son mu zauna mu yi da hannunmu tare, ko ba komai zai ga yadda abu yake zama abu.

Ga abin da na yi. Na samu gorar ruwa ƙarama na yanke gindinta na yanke samanta, sai ya zama kamar bututu mai tsawon wajen santimita 10, sai na ƙulle wuyan balan-balan ɗin ba tare da na hura ba, na yanke kansa da almakashi, na buɗa shi na rufe baki ɗaya na bututun da shi. Ana saka abin harbi a ciki a ja ƙullin baya a saki.

To matsala uku ce ta dame ni. Ta farko ja huɗu ko biyar kawai sai balan-balan ɗin ya yage daidai inda ya taɓa bakin gorar, jiya kaɗai guda shida muka ɓata. Ta biyu in bai yage ba sai ya zame ya fita gaba ɗaya ya bar yaro da roba a hannu. Ta uku kuma auduga muke dunƙulawa a matsayin harsashi saboda bana son abu mai tauri, amma ko taku biyu bata yi sai ta faɗo, yaron ya kalle ni ya ce Baba ta abokina tana kaiwa har bango. Wallahi maganar ta tsaya min a rai.

Sannan akwai ƙanwarsa ƴar shekara 2 da duk abin da ya ɗauka sai ta ce nata ne, ina so in ji ko akwai irin wanda zai dace da ita. Na gode.

Ɗan Kafinta:

Wa alaikumus salam Baban Walid. Duk ukun nan na sha su kafin in gane kan abin, kuma biyu na farko tushensu ɗaya ne, wato bakin gorar. Ka shafa yatsanka a hankali a inda ka yanke zaka ji kaifi da ƴan haƙora haƙora, almakashi baya yanka robar gora sumul, to duk ja ɗaya da yaro zai yi balan-balan yana gogar wannan kaifin ne kamar ana goga igiya a bakin zarto.

Hanya biyu nake bi. Ko dai ka kunna dutsen guga ya yi ɗumi daidai, ba zafi can ba, ka kifa bakin gorar a kansa kana jujjuyawa a hankali, zaka ga bakin ya lanƙwashe ciki ya yi sumul, wannan kai zaka yi da kanka ba yaro ba. Ko kuma, wanda ya fi sauƙi, ka naɗe bakin da salatif zagaye biyu ko uku ka lanƙwasa rabin salatif ɗin ciki ta yadda roba bata taɓa kaifi ko kaɗan. Salatif ɗin masu gyaran wuta ya fi, saboda yana da taushi kuma yana miƙewa ya bi jikin gora.

Zamewa kuma yawanci yanka ne ya yi yawa. Mutane suna raba balan-balan biyu, sai abin da ya rage ya zama gajere yana kama bakin da ƙyar. Kai dai ka ɗan ɗebe kan kawai, kamar santimita 1 zuwa 2, ramin ya zama ya fi bakin gorar ƙanƙanta sosai yadda sai ka buɗa da yatsu huɗu kafin ya shiga. Idan ya shiga ka jawo shi ya hau jikin gorar kamar faɗin yatsu biyu, sannan ka sake naɗe shi da salatif ta waje. Kenan salatif sau biyu: ɗaya a ƙarƙashin balan-balan, ɗaya a samansa. Kuma ka duba ƙullin ya zauna a tsakiya cif, in ya karkace gefe harbin ma karkacewa zai yi.

Amma in zaka ji tawa ka bar gorar ma. Gorar ruwa irin mara kaurin nan tana lotsewa idan yaro ya damƙe ta, da ta lotse roba ta samu hanyar zamewa. Kofin takarda biyu ka haɗa ɗaya cikin ɗaya ka cire musu gindi, ko kwalin nan na tsakiyar tishu, ko bututun kwali mai kauri da ake naɗe leda ko takarda a jiki, wannan na ƙarshen shi ne sarki, baya lotsewa baya yanka. Tsawon kada ya wuce tafin hannu, in ya yi tsawo harsashin yana bugun bango a ciki yana rage gudu.

Wani abu kuma, tsohon balan-balan da ya daɗe a ajiye ko rana ta dake shi ko me ka yi sai ya yage. Ka ja shi ka duba, in ka ga ya yi fari fari ko yana mannewa a hannu ka jefar.

Sarkin Ƙirƙira:

Yaya ni dai ina ganin kun wahalar da kanku. Wadda muke yi ta fi wannan ƙarfi nesa ba kusa ba, wuyan gorar kawai zaka yanko wajen da murfi yake ɗaurewa, ka saka bakin balan-balan a kansa ka ɗaure da roba, sai balan-balan ɗin ya zama kamar ƴar jaka a baya, ka jefa abu ciki ka kama shi ta waje ka ja ka saki, wallahi tafiya yake kamar me, bango ma kaɗan ne. Kuma bata yagewa da wuri saboda bakin murfi sumul yake.

Akwai kuma ta fegin shanya, ka samu katako ko rula ka manna fegi a ƙarshe ɗaya, ka yi ɗan tsagi a ɗaya ƙarshen, ka maƙala robar ɗaure kuɗi a tsagin ka jawo ta fegi ya riƙe, fegin shi ne kunama, kana dannawa roba ta tashi. Minti biyar an gama.

Maman Hanan:

Ƙanina Sarkin Ƙirƙira kayi haƙuri amma ta wuyan gorar nan ban yarda a haɗa wa ɗan shekara 7 ba, kuma ba daga jin labari nake faɗa ba, a gidana aka yi. Matsalarta ba ƙarfin kaɗai ba ne, ramin ne. Ramin wuyan gora bai fi santimita 2 da ɗan wani abu ba, to me zai shiga ciki? Soso ba zai shiga ba, auduga maƙalewa take, sai yaro ya fara neman abin da zai wuce, tsakuwa, maɓalli, dutsen ado, ƙaramin noti, duk abubuwa masu tauri. Ita kanta bindigar ce take koya masa abin da zai saka.

Babban ɗana ya haɗa irinta shi da kansa ban sani ba, ina ɗaki sai na ji ihun ƙaninsa, na fito na same shi ya dafe ido da hannu biyu yana birgima. Dutsen ado ne na sarƙata da ta tsinke. Na ɗaga hannun da ƙyar jikina yana rawa, ashe a ƙashin gira ya same shi, wajen ya kumbura ya yi ɗan tsagi kamar an ɗiga jan biro, tsakaninsa da ƙwayar idon bai kai faɗin yatsa ba. Allah ne ya tsare. Babban ma kuka yake yana cewa Mama bango na saita, kuma na yarda da shi, bango ya harba abin ya dawo. Shi yasa ni mai faɗin baki nake so, wadda Ɗan Kafinta ya kwatanta, ƙarfinta daidai ne kuma abu mai laushi babba yake shiga.

Baban Walid maganar ƙaramar ce ta sa na tsaya rubutu ma. Kace jiya kun ɓata balan-balan shida, dan Allah ina guntayen? Ka tashi yanzu ka tattara su, har da ƙananan kawunan da kake yankewa, ka duba ƙarƙashin kujera. Guntun balan-balan yana cikin abubuwan da suka fi haɗari ga ƙaramin yaro, domin in ya zuƙe shi baya tsayawa kamar dutse, mannewa yake ya bi siffar maƙogwaro ya rufe hanyar iska, kuma ko an bubbuga baya da wuya ya fito. A Amurka doka ce a rubuta gargaɗi a jikin ledar balan-balan cewa yara ƴan ƙasa da shekara 8 suna iya shaƙewa da wanda ba a hura ba ko wanda ya fashe, ka duba ledar da ka buɗe wataƙila ka ga irin rubutun. Ka ga ko shi Walid ɗin yana cikin wannan lissafin, kada ka bari ya dinga saka roba a baki yana tsotsa yana yin ƴan ƙwai ɗin nan da yara ke yi.

Shi kuma harsashi ka yi shi babba. Masu gwada kayan wasa suna da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, duk abin da ya shige ciki gaba ɗaya ana ɗaukarsa ƙaramin abu ne da bai dace da yaro ƙasa da shekara 3 ba. A gida kwalin tsakiyar tishu ake amfani da shi, ya ɗan fi wancan faɗi, to in abu ya wuce ta cikinsa ni bana barinsa inda ƴar shekara 2 take. Ka ga kenan in za a yi wasan a gabanta kofi ya fi kwalin tishu, saboda harsashin da zai shiga kwalin tishu ya riga ya faɗi gwajin.

Ta fegin ban ƙi ta ba, amma ita ma roba a ido ba wasa ba ce. Dokata a gida uku ce kuma bana sassautawa: ba a saita mutum, ba a saita dabba, ba a leƙa bakin bututu ana ja. Sannan ka lura ko fatar yaro tana yin ja ko ƙaiƙayi in ya taɓa balan-balan, akwai yaran da jikinsu baya ɗaukar robar da ake yinsa da ita.

Malamin Fizik:

Hajiya Maman Hanan ta gama magana a wannan ɓangaren, Allah ya ƙara tsarewa. Ni bari in taɓa matsala ta uku, wato audugar da take faɗowa, domin a nan ne abin yake da daɗi kuma a nan ne yaron zai koyi wani abu.

Baban Walid ba ƙarfi ne ya yi wa bindigarka kaɗan ba. Audugar tana fita da gudu sosai, iska ce take tare ta. Abu mara nauyi mai faɗi da gashi gashi yana ture iska mai yawa, shi kuma bashi da nauyin da zai ci gaba da kutsawa, kuma turjiyar iska tana ƙaruwa sosai da gudu, in gudu ya ninka biyu ita ninkawa take wajen huɗu. Shi yasa ko ka ƙara ja har balan-balan ya yage audugar ɗan ƙari kaɗan zata yi. Ka gwada jifa da takarda a buɗe sannan ka dunƙule ta ka sake jifa, nauyi ɗaya ne amma dubi bambancin nisa.

Maganin shi ne harsashi mai ɗan nauyi, dunƙulalle, mai sumul, amma mai laushi. Ka yanko soson wanke-wanke sabo ko guntun soson katifa ka gyara shi da almakashi ya zama kamar ƙwallo, ko ka dunƙule audugar da ƙarfi ka saka ta a yankin tsohuwar safa ka ɗinke, ko zaren ulu a naɗe. Girman ya zama yana shiga kofin a sake, baya matsewa, amma kuma ba ƙarami can da zai dinga rawa ba. Ni soso na fi so, in ya bugi mutum bisa kuskure matsewa yake ya shanye bugun. Kada a jiƙa shi dai, jiƙaƙƙen soso nauyinsa daban ne.

Abin da yake faruwa in an ja shi ne, ƙarfin hannun yaro yana taruwa a jikin robar, in ya saki sai ya koma gudu. Wani masani ɗan Ingila Robert Hooke ya wallafa ƙa'idar wannan a 1678, cewa gwargwadon yadda ka ja sifirin gwargwadon ƙarfin da zai mayar maka, kuma a lissafin sifirin in ka ninka tsawon ja biyu, ƙarfin da ya taru a jikinsa, wanda zai koma gudu, ninki huɗu ne. Roba bata bin ƙa'idar daidai da daidai, tana kaiwa wani waje sai ka ji ta ƙage ta yi tauri, to daga wannan wajen yagewa ce ta rage, ka koya wa Walid ya san wannan wajen da hannunsa ya dinga tsayawa kafin nan. Ga wani gwaji da zai burge shi: ya ɗauki roba mai faɗi ya ja ta da sauri ya ɗora a goshi ko kumatu zai ji ta yi ɗumi, ya riƙe ta a miƙe ɗan lokaci sannan ya sassauta ya sake taɓawa zai ji ta yi sanyi.

Sai saiti. Yara suna riƙe bututu a miƙe suna mamakin abu ya faɗi kusa. Wani masani ɗan Italiya Galileo ya nuna a littafinsa na 1638 cewa in ba turjiyar iska, abin da aka harba yana yin nisa mafi yawa ne in an ɗaga shi digiri 45, wato rabin tsakanin kwance da tsaye. Da yake mu a cikin iska muke kuma harsashinmu bashi da nauyi, mafi kyau yana ƙasa da 45 ɗin, ku nemo shi da kanku. Ku shimfiɗa igiya a ƙasa, ku harba sau uku a miƙe, sau uku a ɗan ɗage, sau uku a ɗage sosai, shi yake auna taku yana rubutawa. Ja ɗin ya zama iri ɗaya kowane lokaci, in ba haka ba gwajin bai yi ba.

Ita kuma ƙanwar akwai wadda bata da harsashi kwata kwata. Kofi ne, maimakon ka cire gindin duka sai ka huda rami zagayayye a tsakiyarsa kamar kashi ɗaya cikin uku na faɗin, ka rufe babban bakin da leda mai kauri ka naɗe da salatif tam, ana ɗan buga ledar da yatsa sai dunƙulen iska ya fita ta ramin yana juyawa kamar zobe, yana kaɗa gashin kai ko ya ture takarda da aka tsayar. Na ce leda ba balan-balan ba saboda abin da Hajiya ta faɗa, kuma ko ita sai kana wajen, ana gamawa ka ɗauke. Da kwali babba ma ana yi, a huda rami a gefe ɗaya a liƙe sauran ko'ina, a dinga buga gefe da gefe da tafin hannu, wannan ma ya fi dacewa da ita don babu abin da zata ɓalle ta kai baki.

Kuma kada ka raina zaman da kake yi da shi. Lonnie Johnson, injiniyan da ya yi aiki da NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, bindigar ruwan da ya ƙirƙiro a 1982 samfurinta na farko da bututun roba da gorar lemo mai lita 2 ya haɗa a gida, ita ce daga baya ta fito kasuwa a 1990 aka sa mata suna Super Soaker a 1991.

Sarkin Ƙirƙira:

Anti Maman Hanan gaskiyarki ne, ban yi tunanin girman ramin ba sam, mu da muke yi lokacin mun girma kuma gwangwani muke harbi a fili. Baban Walid ka bar ta wuyan gorar. Ta fegin dai in zaku yi ku jera kofunan takarda a kan tebur su zama abin saiti, kowa ya tsaya a bayan mai harbi.

Baban Walid:

Jama'a Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Hajiya ina karanta saƙonki na tashi na duba, guntaye huɗu na samu a ƙarƙashin kujera ɗaya kuma a cikin kwandon kayan wasan yarinyar, gabana sai da ya faɗi. Yanzu duk wanda na yanke a take nake kai shi shara.

Mun yi da kofin takarda biyu kamar yadda Ɗan Kafinta ya ce, salatif ƙasa salatif sama, na ɗebe kan kaɗan kawai. Tun la'asar yake harbi da balan-balan ɗaya har dare bai yage ba bai zame ba. Harsashi kuma soso na yanka guda biyar manya, na gwada su a kwalin tishu basu wuce ba. Malam mun yi gwajin igiyar, a miƙe taku 5 ya samu, a ɗan ɗage taku 9, da ya ɗaga sosai sai ya koma 6, yaron ya tsaya yana kallon takardar ya ce Baba ashe na tsakiyar ne, ya sake maimaitawa shi kaɗai har sau uku don ya tabbatar. Ya kai bangon kuma. Ita ma mun yi mata ta kwali babba, tana bugawa labule yana motsi tana dariya tana neman wanda ya taɓa shi.

Saura abu ɗaya, ƙullin yana yi masa ƙanƙanta, yana suɓucewa daga yatsunsa kafin ya gama saiti. Akwai dabara?

Ɗan Kafinta:

Masha Allah. Akwai, kafin ka ƙulle ka bar wuyan da ɗan tsawo, kada ka yi ƙullin can ƙarshe, sannan ka yi ƙulli biyu ɗaya kan ɗaya ya yi kauri. In har yanzu yana suɓucewa ka naɗa masa salatif ɗin wuta zagaye uku ya zama kamar ɗan mariƙi. Kada dai ka ɗaura masa dutsen ado ko wani abu mai tauri don ya samu wajen kamawa, ranar da robar ta tsinke ta gaba abin fuskarsa zai nufo. Kuma ka ce ya dinga riƙe kofin daidai ƙirji ba daidai ido ba.